Fankar Hitar Kawu Arzika

Ranar wata Alhamis cikin sanyi, da ƙarfe bakwai saura kwata na safe, fankar hitar motar Kawu Arzika ta tsaya. Mu huɗu ne a wurin, a ƙofar gidansa da ke Badariya: shi Kawu a kujerar direba, matarsa Inna Kulu a gefensa, maƙwabcinsa Malam Labbo a kan dakali yana shan kunu, sai ni Ummaru, ɗan ƙanwarsa, na biyo gaisuwa kafin in wuce aiki. Na faɗi lokacin ne domin na ji wasu a wurin zaman makoki suna ba da labarin nan suna cewa da yamma ne. Ba da yamma ba ne. Kawu ya riga mu gidan gaskiya, ba zai tashi ya gyara muku ba, don haka ni zan gyara. Amma sai mun bi abin daki-daki, ba a fara labari daga tsakiya.

Da farko, motar. Kawu ya saye ta ne a hannun wani Bature injiniya da ya gama aikin hanya zai koma ƙasarsu, tun muna cikin Jihar Sakkwato. Har yau lambar Sakkwato ce a jikinta, domin ko da aka ba mu jiharmu aka ce a canja, Kawu ya zagaya ya duba lambar gaba da baya, ya ce shi bai ga inda ta lalace ba.

A motar akwai hita. Ga wanda bai san ta ba, ruwan zafi na inji ne ke biyo tiyo ya shiga wani ɗan ƙaramin lagireto a ƙarƙashin dashbod, fanka ta busa iska ta kansa, ɗumi ya cika mota. Don ƙasashen da ruwa ke daskarewa aka yi ta. Mu nan kuwa, duk motar da ta shigo Birnin Kebbi, abu na farko da bakanike ke yi mata shi ne ya cire tiyon hita ya toshe, kowa ya huta. Haka Manu, bakaniken unguwarmu wanda kuma shi ne rewaya mai gyaran wutar mota, ya ɗauko filaya zai yi wa ta Kawu.

"Kai, mi za ka yi?" in ji Kawu.

"Yanke ta zan yi, Baba. Ba ta da aiki garin ga."

"Kai kas saye ta?"

"A'a, Baba."

"Da Bature yab ba ni mota, ka ji ya ce ga ta ban da hita?"

"Baba, garin ga ko ƙwai ka aje bisa bonet sai ya soyu!"

"To saurara. Wallahi hannunka ba shi taɓa hitag ga har abada. Ba a yi ta don banza ba!"

Ku riƙe wannan rantsuwa, za mu dawo kanta. Ku kuma riƙe maganarsa ta ƙarshe, domin ita ce Kawu gaba ɗayansa. Duk abin da ya zo tare da abin da ya saya, dole a more shi. Ba ya shan taba, amma wurin zuba tokar taba na motar cike yake da goro, don ba a yi shi don banza ba.

Na biyu, fasinjoji. Kawu yana kunna hita rani da damina, har da tsakiyar bazara, lokacin da kare ma ba ya yarda ya taka kwalta. Hannun murɗa gilas guda ɗaya ne ya rage a motar, yana kuma cikin aljihunsa. Wata ranar kasuwar Ambursa ya ɗauko Malam Labbo, wanda ya sayo man shanu a ƙwarya ya ɗora a cinya. Ina baya, da idona na gani.

"Arzika, don girman Allah kashe wutag ga!"

"Ba wuta ba ta, hita ta."

"To ba ni hannun gilas!"

"In buɗe ɗumin ya tsere, a yi hasara? Kai dai ba ka san tattali ba, Labbo."

Kafin mu iso gari man shanu ya zama ruwa, ya bi rigar Malam Labbo har cikin takalmi. Ya fito yana tsiyaya, ƙudaje na yi masa rakiya. Kawu ya leƙo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ka gode Allah. Da sai iyalinka sun ɓata icce wurin narkar da shi."

Kawu yakan yi alfahari cewa bai taɓa hana kowa motarsa ba, kuma gaskiya ne. Ba ya hanawa. Mutane ne da kansu, in sun hango shi tafe, sai kowa ya juya baya ya kama duba bango. Na san wani dattijo da Kawu ya tsaya masa a hanyar Ambursa da rana tsaka, ya ce ya gode, likita ne ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa.

Na uku, kuma shi ne ainihin maganar. Inna Kulu tana da sanyin ƙashi a gwiwoyi biyu. Da zarar sanyi ya shigo, sai su ƙage da safe, ko bakin rijiya ba ta iya kaiwa. An sha na asibiti, an shafa na gida, babu wanda ya yi mata abin da hitar nan ke yi. Kowace safiya bayan sallar asuba Kawu zai ta da mota a ƙofar gida, ya ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji: "Kulu! Zo ki tsare min mota in ɗumama inji!" Sai ta fito a hankali tana dafa bango, ta zauna a gaba, ta miƙa ƙafafu inda iskar ke fitowa. Shi kuma yana zaune a gefenta, ya haɗe fuska, yana sauraren rediyo. Motar da mai ita ke zaune a ciki, wane tsaro take buƙata? Ba wanda ya taɓa tambaya. Mutumin da ke kashe inji a gangara don kada mai ya ƙone, shi ne ke ƙona shi a tsaye kowace safiya. In rana ta ɗan ɗaga sai Inna ta fito da ƙafafunta, ta shiga gida ta kama aiki. Ni zargina ma, gasa mu da yake yi da bazara, tsoro yake kada hitar ta zauna ta cije kafin sanyi ya dawo. Bai faɗa ba, amma haka na gani.

Yanzu mu koma ranar Alhamis. Inna ta zauna ke nan, fanka ta yi ƙirrr, ta yi ƙat, wani ƙauri ya tashi, sai shiru. Ga shi jibi Asabar akwai suna a Argungu. Matar Bello, babban ɗansu da ke aiki can, ta haifi mace, an kuma riga an aiko cewa sunan Inna za a sa mata. Inna ta dubi dashbod, ta dubi gwiwoyinta, ta ce, "In babu ɗumi, ni ba ni zuwa. Ba za a sauke ni kamar buhun albasa gaban surukai ba." Wanda ya san Inna ya san ba ta maimaita magana. Ni na kama ta na mayar da ita cikin gida, na ji yadda take cije baki a kowane taku.

Kawu ya fara binciken matsalar da hanyarsa. Ya cire takalmi ya ba dashbod duka. Fanka ba ta ce komai ba. Sai ya juya kan Malam Labbo.

"Kai na! Shekara da shekaru kana yi mata baki!"

"Ban ɓoye ba," in ji Malam Labbo. "Tun ranar man shanu nika roƙon Allah ta mutu. Amma ban ce a karɓa cikin sanyi ba, da bazara nis so."

"Ka ji ko, Ummaru? Ka zama shaida!"

Don ya wanke kansa, Malam Labbo ya kawo shawara a sa kaskon garwashi a gaban Inna har Argungu. Nan na sa baki na ce ba za a yi ba. Motar da warin fetur ke tashi a cikinta ko ba a kunna ta ba, a sa mata garwashi? Suna za mu, ba jana'iza ba. Ranar dai ta ƙare Kawu yana buɗe bonet yana rufewa, ko kusa da fankar bai je ba, don bai san a cikin mota take ba.

Ranar Juma'a da safe Inna ba ta iya fitowa daga ɗaki ba. Kawu ya tsaya a ƙofar gida bai kira kowa ba, bai kunna rediyo ba. Can sai ya gyara hula ya nufi garejin Manu da ƙafa. Ba a jima ba sai ga su tare, Manu na biye da jakar kayan aiki yana ɓoye dariya.

Sai maganar rantsuwa ta taso. Malam Labbo, wanda ya fi mu karatu, ya ce abin mai sauƙi ne: a bar Manu ya taɓa, Kawu ya yi kaffara, ya ciyar da mutum goma.

"Ni ina cikin goman," in ji shi. "Bari in ɗauko kwanona."

"Zauna! Ba ka cin tuwona da sunan kaffara. Hannunshi nir rantse a kai. Shi zauna can shi yi magana, Ummaru shi yi aiki."

Haka aka yi. Aka ajiye wa Manu benci a gindin bishiya, Kawu ya sa ya zauna a kan hannuwansa don kada su manta. Ni kuma, da girmana da iyalina, na tuɓe riga na kwanta rigingine, kaina a ƙarƙashin dashbod, ƙafafuna a waje. Mata masu zuwa niƙa suna wucewa suna gaida ƙafafun.

"Malam Ummaru, fara da fiyus," in ji Manu daga benci. Na zaro shi, ya ƙone baƙi ƙirin. Kawu ya ce a naɗa masa waya a mayar, tunda jikinsa lafiya lau. Manu ya ce in an yi haka, abin da ya ƙona fiyus zai ƙona motar duka. Aka sa sabo. Kawu ya murɗa makunni, fanka ta yi gurnani ba ta juya ba, fiyus ya yi tas.

"Ka gani! Daga zaune ma ya kashe min wani!"

"Baba, fiyus ba shi mutuwa haka nan. Ko waya ta haɗe, ko wani abu ya riƙe fanka. Malam Ummaru, cire wayar fanka, mu gwada makunni shi kaɗai."

Muka aro fiyus ɗin hon. Manu ya turo mini ƙwan gwaji da ƙafa, don hannunsa na ƙarƙashinsa. Na ɗora shi a kan wayar, Kawu ya murɗa, ƙwai ya kama, fiyus bai ƙone ba. Ashe makunni lafiya, waya lafiya, wuta tana isowa. Saura fankar kanta. Manu ya ce in zura yatsa in juya ta. Na zura, na tura, ko motsi.

"To kwance murfin. A hankali, kuma ka rufe baki."

Ban tambayi dalilin rufe baki ba, kuma na yi nadama. Ina cire sukurun ƙarshe sai shinkafa ta zubo mini a fuska, shanshera wadda ba a casa ba, da ƙaiƙayinta. Bayanta tsummoki, bayansu safa guda ta ulu da Kawu ya yi wata yana zargin mai wanki da ita. Daga ƙarshe sai mai gidan da kansa: wani ƙaton ɓera, ya diro a ƙirjina, ya bi cikina, ya bi ƙafata, ya fita ya nufi dakali. Malam Labbo, mai cewa bayansa ba ya barinsa ya yi ruku'u da kyau, sai ga shi tsaye a kan dakali da tsalle ɗaya yana ihu, "A kashe shi! A kashe shi!"

"Kada wanda ya taɓa shi!" in ji Kawu. "Duk garin ga shi kaɗai yas shiga motata don hita, da ƙafarshi, ba a roƙe shi ba. Ya fi ku sanin daraja!"

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne. Da kaka, Kawu ya ƙi ɗaukar hayar mota, ya riƙa kwaso shinkafarsa daga fadamar Ambursa a kujerar baya, ya kuma bar buhunan suna kwana a ciki, wai mota ma ɗaki ce. Ɓera ya samu abinci a baya, ɗumi a gaba, ya tare. Kawu ya cire hularsa ya tara, ya ce in kakkaɓe fuskata a ciki, shinkafarsa ce, kada ƙwaya ta faɗi ƙasa.

Na share gidan fankar tas, na ɗiga mata man keken ɗinkin Inna a gindi, na juya ta da yatsa har ta saki, na mayar da murfi da waya. Kawu ya ta da inji, ya yi bisimilla ya murɗa. Makunnin mataki uku gare shi. Na ɗaya, iska. Na biyu, iska sosai, ga ɗumi.

"Baba, kai ta na uku," in ji Manu. "Akwai sauran ƙaiƙayi cikin bututu, ta huro shi yanzu da ƙofofi ke buɗe."

"Na uku ba a taɓa shi. Ko Bature bai taɓa shi ba. Na ranar larura na."

Manu ya faɗa, ni ma na faɗa. Ina so a san mun faɗa.

Asabar, muna sallame asuba muka kama hanya. Kawu da Inna a gaba, ni da Malam Labbo a baya. Malam Labbo ya sha farar babbar riga mai guga, domin shi zai yi addu'ar suna. Da kansa ya shigo yana hura hannu, Kawu kuwa bai bari ta wuce ba: "A'a, Labbo, yau babu man shanu?"

Muna wuce Ambursa, inda hanya ke bin gefen fadama, sanyi ya taso daga ruwa ya riƙa shigowa ta hujojin ƙasan motar. Na biyu ya kasa. Na hango Inna tana murza gwiwa ta ƙarƙashin mayafi.

"Kulu?"

"Ba komi, tuƙa."

Kawu ya dube ta, ya dubi makunni. Ya miƙa hannu ya kai shi na uku.

Jama'a! Fanka ta yi wani ruri kamar injin niƙa, ƙaiƙayi ya feso ta kowace kafa, ta sama, ta ƙasa, ta gefen gilas. Cikin mota ya koma masussuka. Ni atishawa, Kawu atishawa, yana tuƙi da ido ɗaya. Malam Labbo na ta bugun kujera.

"Hannun gilas! Arzika, hannun gilas! Rigata!"

"In buɗe ɗumin ya tsere? Rufe ido, mun kusa!"

Ba mu kusa ba. Inna kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka tari ne ya sarƙe ta, ashe dariya take, har da hawaye.

Muka isa Argungu maza sun cika tabarmi a ƙofar gidan Bello, ana jiran mai addu'a. Mai addu'a ya fito, ƙaiƙayi a gemu, a gira, a rawani, a cikin aljihu. Wani dattijo ya dube mu ya ce, "Sannunku da aiki. Buhu nawa kunka samu?" Wuri ya kaure da dariya. Bello ya taho da gudu shi da wani abokinsa za su ɗauko Inna, don ya san halin gwiwoyinta da safe. Ta ɗaga masa hannu.

"Ja can. Takwarata ba ta ganina a hannun mutane."

Ta sauko da ƙafa ɗaya, ta sauko da ɗayar, ta miƙe tsaye. Ta kakkaɓe mayafi, ta ratsa gefen tabarmi tana amsa gaisuwa, ba sanda, ba dafa bango. Kawu yana riƙe da ƙofar mota yana kallonta har ta shige zaure, muka ji guɗa ta tashi a cikin gida. Sannan ya juyo, ya zare ƙaiƙayi guda daga gemun Malam Labbo, ya ce, "Ka gani? Na ukun ma ba a yi shi don banza ba."

Kawu ya rasu da daminar da ta wuce, bayan gajeriyar jinya. Motar tana nan inda ya bar ta. Kwanan baya da iska ta fara juyawa, na biyo da sassafe na tarar da Inna zaune a gaba ita kaɗai, inji a kashe, ƙafafunta a miƙe inda ta saba. Na ce, "Inna, me kike yi a nan?" Ta ce, "Tsaron mota nikai."

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya gafarta masa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya tsare wa baiwar Allah nan ɗumi shekara da shekaru bai taɓa gorantawa ba, Allah ya lulluɓe shi da rahamarsa. Duk wanda ya taɓa yin zufa a motar nan, ya yafe masa. Malam Labbo ya riga ya yafe man shanu, a gabana, a bakin kabari.

Saura abu ɗaya. Fanka lafiya lau take, inji ma yana tashi, amma kik ya mutu, sai an tura. Ni ina kan sitiyari, Manu yana turawa daga baya, don ya ce har yau hannunsa ba zai taɓa hitar ba. Malam Labbo ya tsufa, umarni kawai yake iya bayarwa. Mutum ɗaya ba ya tura motar nan a cikin yashin Badariya, ga sanyi ya kusa kankama. Don haka duk wanda ya san Kawu kuma yana cikin garin nan, kada ya aiko gaisuwa. Ya zo da kansa bayan sallar asuba, ya naɗe hannun riga, ya taya mu turi. Inna tana fitowa kafin rana ta fito, kada ku bar ta tana jira.